Wata Biyar na Yaye: Abin da Iyali Ke Ci Bayan Sun Bar Tallafin Kuɗi a Amurka

A ce uwa ce mai 'ya'ya biyu a Amurka, ba miji a gida, gwamnati na ba ta ɗan tallafin kuɗi duk wata. Sai Allah ya sa ta samu aiki a wani kantin kayan masarufi. Abin murna ne, kuma dama shi ne abin da hukuma ta daɗe tana matsa mata ta yi. Sai dai watan da ta kama aikin ya fi kowane wata haɗari ga tukunyar gidanta. Albashin farko ba ya shigowa sai bayan mako biyu ko fiye. Kafin ya zo akwai kuɗin mota, akwai kuɗin mai rainon yara, akwai takalmi da kayan sawa na wurin aiki. Ofishin tallafi kuwa, da zarar ya ga ta samu abin yi, sai ya rufe fayil ɗinta. To me yaran za su ci daga ranar da aka rufe fayil zuwa ranar da albashi zai iya riƙe gida?

Akwai wani ɗan tsari a dokar Amurka da aka yi musamman saboda wannan tsakani. Tallafin abinci ne na riƙon ƙwarya, wanda ake ci gaba da bai wa iyali har tsawon wata biyar bayan sun daina karɓar tsabar kuɗi. Ni yaye nake ganinsa. Duk uwa ta san ba a cire yaro daga nono a kuma janye masa koko rana ɗaya. Kafin a gane amfanin tsarin da kuma inda ya gaza, sai an raba abubuwa biyu da mutane ke yawan haɗawa, wato tallafin kuɗi da tallafin abinci.

Tallafin kuɗi ga iyalai masu yara ya samo asali ne daga dokar 1935, zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, lokacin da karayar tattalin arziki ta durƙusar da ƙasar. Shekara sittin yana tafiya a matsayin haƙƙi: duk iyalin da ya cika sharuɗɗa dole a ba shi. A 1994 iyalai kimanin miliyan 5 ne ke karɓa. Bill Clinton ya yi yaƙin neman zaɓen 1992 da alkawarin kawo ƙarshen tallafin a yadda aka san shi, kuma a ranar 22 ga Agusta 1996 ya sa hannu a dokar da ta rushe tsohon shirin ta kafa sabo mai suna TANF, wato taimakon wucin gadi ga iyalai mabuƙata. Daga ranar tallafin ya daina zama haƙƙi. Gwamnatin tarayya ta koma bai wa jihohi dunƙulen kuɗi, kimanin dala biliyan 16.5 a shekara, su tsara yadda suka ga dama. An gindaya sharaɗin aiki. An kuma sa wa'adi: babba ba zai ci kuɗin tarayya fiye da wata 60 ba a tsawon rayuwarsa, sai 'yan kaɗan da aka yi wa rangwame saboda tsananin hali.

Tallafin abinci kuwa daban yake, kuma ma'aikatar aikin gona ce ke riƙe da shi. An fara gwada shi a 1939 da takardu masu launi da ake kai wa kanti, ya zama doka tsayayya a 1964 a hannun Lyndon Johnson, aka sauya masa suna zuwa SNAP a 2008. Yanzu kati ne irin na banki, ana zuba masa kuɗi duk wata, ba ya sayen komai sai abinci. Ba ya sayen giya da taba, ba ya sayen sabulu ko ƙunzugun jarirai, hatta dafaffen abinci mai zafi yawanci ba ya saya. A shekarar kuɗi ta 2024 mutum sama da miliyan 41 ne ke cin abinci da wannan kati, kowane mutum na samun kimanin dala 6 a rana idan an yi matsakaicin lissafi. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne, iyali mai yara ba shi da wa'adin wata 60 a tallafin abinci. Muddin abin da ke shigo masa bai wuce ƙa'ida ba, yana da haƙƙi, ko yana aiki ko ba ya yi.

Ke nan a takarda, uwar da ta bar tallafin kuɗi ta kama ƙaramin aiki ba ta da dalilin rasa katin abincinta. Abin da ya faru a zahiri bayan 1996 ya saɓa wa takarda. Iyalan da ke karɓar kuɗi sun ragu da fiye da rabi cikin shekara shida, wanda dama haka aka so. Amma masu katin abinci su ma suka zube, daga sama da miliyan 27 a 1994 zuwa kimanin miliyan 17 a 2000. Wani ɓangare na raguwar yana da bayani mai kyau, domin tattalin arziki ya bunƙasa a ƙarshen shekarun 1990, rashin aikin yi ya sauka zuwa wajen kashi 4 cikin 100. Wani ɓangaren kuma dokar 1996 ce da kanta ta jawo, saboda ta cire yawancin baƙi masu takardar zama, ta kuma taƙaita wa manya marasa yara. Amma ruwa ba ya tsami banza. Alƙaluman ma'aikatar aikin gona sun nuna cewa a 1994 kusan mutum uku cikin huɗu na waɗanda suka cancanta suna karɓa, zuwa 2001 kuwa da ƙyar suka haura rabi. Masu bincike na cibiyar Urban Institute da suka bi sawun iyalan da suka fita sun tarar cewa mafi yawan waɗanda suka daina karɓar abinci har lokacin talakawa ne da doka ta yarda a ba su.

Dalilan ba wasu manya ba ne, kuma shi ya sa suke da ciwo. Ofishi ɗaya ne, ma'aikaci ɗaya, sau da yawa fayil ɗaya, in an rufe na kuɗi sai na abinci ya bi shi. Mata da dama sun ɗauka cewa wa'adin da aka sa wa kuɗi ya shafi abinci, ba wanda ya gyara musu fahimta. Jihohi kuma suna tsoron tarar da gwamnatin tarayya ke ci idan an samu kuskure a lissafin abin da ake bai wa mutane, ga shi albashin mai ƙaramin aiki ba ya zama wuri ɗaya, wannan mako awa 20, wancan awa 35. Sai jihohi da yawa suka ce duk mai aiki ya riƙa zuwa sabunta takardunsa kowane wata uku. Ofis yana buɗe ne a daidai lokacin da uwar ma take bakin aiki, ana kuma biyanta ne da awa. Ta bar sabon aiki ta je ta wuni a layi, ko ta haƙura da katin? Da yawa sun haƙura. A birnin New York abin ya kai ga wata kotun tarayya ta shiga tsakani a 1999, bayan an kai ƙarar cewa sababbin cibiyoyin neman aiki na birnin suna karya wa masu neman tallafin abinci gwiwa tun daga bakin ƙofa.

Wannan ɓarna ce ta haifi tsarin riƙon ƙwarya. A ƙarshen shekarar 2000 ma'aikatar aikin gona ta fitar da ƙa'idar da ta bai wa jihohi damar ci gaba da ba iyali abinci na wata uku bayan rufe fayil ɗin kuɗi. Dokar noma ta 2002, wadda George W. Bush ya sa wa hannu, ta ƙara shi zuwa wata biyar. Dokar 2008 ta faɗaɗa shi ya haɗa da iyalai masu yara da ke barin tallafin kuɗi na jiha zalla. Dabarar ba sabuwa ba ce ma, tun 1988 akwai irinta a fannin lafiya, inda iyalin da ya bar tallafi saboda samun aiki ke ci gaba da cin moriyar inshorar gwamnati ta Medicaid na wata shida zuwa shekara. Kowace jiha da sunan da take kiran tsarin riƙon ƙwaryar. A Kalifoniya an liƙa shi da shirinsu na tallafin abinci mai suna CalFresh, a jihar Washington yana bin iyalan da suka bar shirin tallafin kuɗi na WorkFirst, har da waɗanda suka bar tallafin da ƙabilun asalin ƙasar ke gudanarwa da kansu.

Daɗin tsarin yana cikin lissafinsa, don haka bari mu zauna a kansa. A ƙa'idar yau da kullum, gwamnati na ɗauka cewa iyali zai kashe kashi 30 cikin 100 na abin da ya rage masa wajen cefane, ita kuma ta cika sauran. Akwai iyakar abin da take bayarwa. Daga Oktoban 2024 zuwa Satumban 2025, iyakar ga gida mai mutum uku dala 768 ce a wata a yawancin jihohi. Kafin a ɗauki kashi 30 ɗin, ana cire wa kowane irin wannan gida dala 204, a kuma yafe kashi 20 cikin 100 na albashi. Akwai rangwamen haya da na raino, amma mu ajiye su gefe don lissafin ya yi sauƙi.

Mu koma ga uwar nan, a matsayin misali kawai. A ce tallafin kuɗinta dala 500 ne, ba ta da wata hanyar samu. A cire 204, saura 296. Kashi 30 na wannan ya kama 89. Ke nan katinta na samun dala 679. Yanzu ta kama aiki mai dala 1,800 a wata, aka rufe fayil ɗin kuɗi. Idan aka bi ƙa'idar yau da kullum, za a yafe 360, a cire 204, saura 1,236, kashi 30 ya zama 371, katin ya faɗo zuwa dala 397. Wannan ma idan ta kai takardu a kan lokaci ba a rufe shi gaba ɗaya ba. A tsarin riƙon ƙwarya kuwa, ana komawa ne ga lissafin watanta na ƙarshe a tallafi, a goge dala 500 ɗin tunda ta daina samunta, sabon albashin kuma a kawar da kai daga gare shi. Sai lissafi ya nuna gida marar samun komai, katin ya hau zuwa 768, a daskarar da shi a nan har wata biyar. Bambancin dala 371 ne kowane wata, dala 1,855 a wata biyar. Ga mai irin wannan albashi, ya fi abin da take ɗauka a wata guda. Idan dama an riga an shigar da wani albashi a lissafin watan ƙarshen, shi yana nan yadda yake, ƙarin da ya biyo baya ne ba a ƙirgawa.

A ganina, kuɗin ma ba su kai ɗaya fa'idar girma ba. A cikin wata biyar ɗin ba a neman ta cike fom, ba a neman ta kai rahoton ƙarin awa ko sauyin albashi, ba a kiranta ganawa. Komai yana tafiya da kansa daga ranar da aka rufe fayil. Abin da ya kori mata a shekarun 1990, wato zirga-zirgar ofis, shi aka ɗauke. Idan kuma al'amura suka juya mata, aikin ya kuɓuce ko aka ƙara haihuwa, tana da damar neman a sake lissafi tun kafin wa'adin ya cika. Jiha ma ta huta, domin adadin da aka daskarar ba ya jawo mata tarar kuskure.

Akwai masu cewa wannan rashin adalci ne ga maƙwabciyarta wadda ba ta taɓa karɓar tallafin kuɗi ba, albashinsu ɗaya, amma ita 397 take samu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ba na kore ta. Amma wadda ta fito daga tallafi ta fito ne ba ta da ko sisi a ajiye, domin shirin kansa a yawancin jihohi ba ya karɓar mai ajiya mai kauri. Ta fi kowa saurin faɗuwa idan mota ta lalace ko yaro ya kwanta ciwo, in ta faɗi kuma ofishin nan dai za ta koma. Wata biyar na abinci ya fi sauƙi a kan a sake buɗe mata fayil daga farko. Idan da gyara, ni a wajen maƙwabciyar zan nema, a sauƙaƙa mata nata, maimakon a janye na wannan.

Inda tsarin ya fi ba ni takaici shi ne wajen waɗanda aka bari a waje. Dokar tarayya ta ce iyalin da aka rufe wa tallafin kuɗi a matsayin hukunci, saboda saɓa sharaɗin aiki ko rashin zuwa ganawa ko makamancin haka, ba ya cikin masu cin wannan gajiya. Wanda wa'adinsa ya cika, dokar tarayya ba ta hana shi ba. Wanda ya samu aiki, shi ne ma aka yi abin dominsa. Amma wadda aka hukunta, ita ce ta fita ba albashi ba tallafi, ita ce kuma aka ce ta bi hanya mai wuya. Gaskiya ne tana iya ci gaba da neman katin abinci na yau da kullum, yaran ba su rasa haƙƙinsu ba. Sai dai da fom da ganawa da takardun shaida, abubuwan da dama su ne suka kayar da ita tun farko. Binciken da aka yi ta maimaitawa a jihohi daban-daban ya nuna cewa iyayen da ake hukuntawa sun fi sauran fama da rashin lafiya, da ƙarancin karatu, da rashin abin hawa, da duka a gidan aure, kuma hukuncin ya fi sauka a kan baƙar fata. Wanda ya rubuta dokar yana tsoron kada a saka wa mai taurin kai da alheri. Amma yaro ɗan shekara huɗu bai saɓa wa kowa ba, kuma cikinsa ne ake hukuntawa.

Na biyu, tsarin zaɓi ne ga jiha, ba tilas ba. Jihohi ashirin da ɗoriya ne suka ɗauke shi, sauran ba su yi ba, duk da cewa tun asali gwamnatin tarayya ce ke biyan kuɗin abincin gaba ɗaya, jiha rabon kuɗin gudanarwa kawai take ɗauka. Uwa biyu masu hali ɗaya, ɗaya ta samu wata biyar ɗaya ta rasa, saboda kan iyakar jiha kawai.

Sai kuma matsalar da ta fi waɗannan zurfi. Ba ka fita ɗakin da ba ka shiga ba. Riƙon ƙwaryar na wanda ya bar tallafin kuɗi ne, shi kuwa tallafin kuɗin ya ƙanƙance har ya kusa ɓacewa a wasu wurare. Dala biliyan 16.5 ɗin nan ba a ƙara ta ba tun 1996, hauhawar farashi ta cinye kusan rabin darajarta. Jihohi kuma suna karkatar da yawancinta zuwa wasu hidimomi, abin da ke isa hannun iyalai a matsayin tsabar kuɗi bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Cibiyar nazarin kasafi da manufofin gwamnati ta CBPP da ke birnin Washington ta lissafa cewa a 1996, cikin kowane iyali 100 masu yara da ke cikin talauci, 68 na samun tallafin kuɗi, a 2020 kuwa 21 ne kacal. Arizona ta rage wa'adinta zuwa wata 12 a 2016. Mississippi ta shafe sama da shekara ashirin tana ba gida mai mutum uku dala 170 a wata kafin ta ƙara zuwa 260 a 2021, a jihar da mai binciken kuɗinta ya bankaɗo a 2020 cewa an karkatar da miliyoyin daloli na wannan shiri zuwa abubuwan da ba su shafi talaka ba. A irin waɗannan wurare, uwa matalauciya ba ta ma kai ga matakin yaye, tunda ba a taɓa shayar da ita ba.

Wanda ke kallon Amurka daga nesa zai yi mamakin jin ana maganar yunwa a can. Rahoton ma'aikatar aikin gona na 2023 ya ce kashi 13.5 cikin 100 na gidajen ƙasar sun yi fama da rashin tabbacin abinci a wani lokaci cikin shekarar, a gidajen da uwa kaɗai ke riƙe da yara kuwa abin ya haura ɗaya cikin uku. Mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009, kodayake jihohi da yawa sun ɗaga nasu. Mai wannan albashi, ko ta yi awa 40 kowane mako shekara cur, abin da za ta tara bai kai ma'aunin talauci na gida mai mutum uku ba. Shi ya sa wata na shida yake da muhimmanci kamar na farko. Idan wa'adin ya ƙare, sai iyali su sabunta takardu a koma lissafin yau da kullum. Uwar misalinmu har yanzu ta cancanta, domin iyakar samun gida mai mutum uku a waccan shekarar dala 2,798 ce a wata, ita kuwa 1,800 take samu. Amma katin zai sauko daga 768 zuwa wajen 397 a dare ɗaya, idan kuma wasiƙar sabuntawa ta je tsohon adireshi, ya sauko zuwa babu. Tsugune ba ta ƙare ba. An dai ɗaga ranar ne zuwa lokacin da ake fatan ta ɗan kafu, ta san hanyar aikinta, ta kuma karɓi albashi sau goma.

'Yan'uwanmu da ke zaune a can, irin na unguwar Bronx a birnin New York, ya kamata su san cewa takardar zama tana shiga wannan lissafi. Dokar 2002 ɗin da ta kawo wata biyar ita ce ta mayar wa baƙi masu takardar zama ta dindindin haƙƙin abinci bayan shekara biyar, yaransu 'yan ƙasa da 18 kuma ba sai sun jira ba. Yaron da aka haifa ɗan ƙasa yana da haƙƙinsa ko da iyayensa ba su da shi.

Ƙasan da tsarin ke tsaye a kai ma yana motsi. A ranar 4 ga Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a babbar dokar haraji da kashe kuɗi, wadda ofishin kasafin majalisa ya ƙiyasta za ta zaftare wa SNAP kimanin dala biliyan 186 zuwa 2034. Sharaɗin aikin da a da ya tsaya kan manya marasa yara, wanda ke taƙaita mutum ga wata uku cikin shekara uku idan bai cika awannin aiki ba, yanzu ya kai har masu shekara 64, ya kuma hau kan iyayen da autansu ya kai 14. 'Yan gudun hijirar da ba su samu takardar dindindin ba an cire su. Sannan daga shekarar kuɗi ta 2028, jihohin da kuskuren lissafinsu ya yi yawa za su fara biyan wani kaso na kuɗin abincin daga aljihunsu. Wannan na ƙarshe shi na fi sa wa ido. Abin da ya sa riƙon ƙwarya ya yi wa jihohi sauƙin ɗauka shi ne kuɗin ba nasu ba ne. Ranar da gwamna zai fara biyan kaso na wannan dala 371 ɗin, tsarin da dama zaɓi ne yana cikin abubuwan farko da za a ɗora a kan teburin rage kasafi.